Shafi na Tamanin da Uku

An ɗauke wuta a Kabala tun la'asar.
Gobe jarrabawa, ina bitar kifaye da hasken waya,
kogin Kaduna na can bayan gidaje
yana gunaguni shi kaɗai.

Shafi na tamanin da uku:
wani ɗan kifi ruwan lemo mai ratsin fari,
bai cika tafin hannu ba,
gidansa tsakanin duwatsun murjani,
a tekun da ban taɓa gani ba sai a takarda.
Macen ce babba a gidan.
Ran da ta mutu ba a aika neman wata,
mijin ne ke yin shiru,
cikinsa ya riƙa juyawa a hankali
kamar madarar da ta kwana a ƙwarya,
har a wayi gari shi ne mai ƙwai.

Na ajiye biro.

Baba Tanimu na tsakar gida yana juya tarwaɗa a kan waya,
hayaƙi na bin gemunsa.
Shekarata bakwai Inna Lantana ta tafi,
ta bar Sadisu ko zama bai fara ba.
Na ga Baba ya ɗauki zanenta mai ganyen gwanda
ya yi goyo, majanyi a karkace.
Tuwonsa na farko duk gudaji,
muka ci, don ba wani.
Kitso kuwa a jikin igiyar buhu ya koya,
dare uku, yana warwarewa yana sakewa,
kafin ya taɓa kaina.
Tsagar ta fito kamar hanyar unguwarmu da damina.
Na je makaranta da ita ina taƙama.

'Yan majalisar mai shayi suka ce,
Tanimu, saura ɗankwali.
Bai tanka ba.
Yaro na kuka a baya,
wa ke da bakin ba da amsa?

Na juya shafi.
Ga wani kifin, nasu akasin haka ne:
namiji ya faɗa bakin babban kifi,
sai babbar cikin matan ta sake launi,
kafin sati biyu ita ke tsaron iyaka.
Na tuna Iya Talatu ta gidan kusa,
tun da aka rufe masaƙar Kakuri, ciwo ya kwantar da nata,
ita ke faɗa da mai haya,
ita ke hawa kwano ta toshe yoyo.

Akwai ma waɗanda ke yi kamar adashi,
kowanne na ɗauke da duka biyu:
ka zuba ƙwai in rufa maka,
in zuba, ka rufa mini,
kafin duhu ya gama sauka.

Na fita na karanta wa Baba.
Ya saurara, wuƙa a hannu.
Ya ce, ni tarwaɗa na sani, da karfasa,
amma ikon Allah ya fi kogin nan faɗi.
Ya ɗan jima.
Shi kifin, an yi masa dariya?
Na ce, littafin bai faɗa ba.

Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar gwangwanin madara,
ya fito da murjanin Inna,
ja kamar garwashin da ke gabansa.
Wannan daga garinsu ya zo?
Na ce, daga irin garinsu.
Ya auna shi a tafinsa
yadda yake auna kifi ba sikeli.

Ya ce, shi an ba shi ƙwai,
jikinsa ya taya shi.
Ni cokali aka ba ni, da kofin roba,
na kuma ga ya isa.

Sai wuta ta dawo,
yaran layi suka kwashe da ihu.
Baba ya sa murjanin a aljihun gaba,
ya ce in koma ga littafina,
kifin nan na gefe ya fara ƙonewa.